Jirgin Katako da Jirgin Tsere: Wanne Ya Fi?

  

Yau teku za mu leƙa. Za mu yi magana a kan jiragen ruwa marasa inji, waɗanda iska kaɗai ke turawa. Iri biyu za mu duba. Na farko, jirgin katako na gargajiya, wanda masassaƙa ke haɗawa da gatari da gizago a bakin teku. Na biyu, jirgin tsere na zamani, wanda injiniyoyi ke zanawa da kwamfuta. Wannan na biyun yakan yi gudun da ya fi na iskar da ke tura shi. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Wani zai ce, mu da ke nesa da teku, ina ruwanmu da jirgin ruwa? To, a tambayi tsofaffi. Kafin jirgin sama ya zama hanyar aikin Hajji, ta ƙasa kakanninmu ke tafiya. Su ratsa Borno, su ratsa Chadi, su ratsa Sudan, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga can zuwa Jidda kuwa, ruwa ne na kimanin kilomita 300. Da yawa daga cikinsu a jirgin katako da ake kira sambuk suka haye. Ashe ba baƙonmu ba ne.

Tambayarmu ta yau ɗaya ce. Tsakanin jirgin katako da jirgin tsere, wanne ya fi? Kashi biyar muka raba shirin. Za mu fara da jirgin katako. Sai mu ji dalilin da ya sa ba ya wuce wani gudu. Sai jirgin tsere. Sai mu gwada su a kan hanya ɗaya. Daga ƙarshe mu ga inda suka haɗu.

Kafin nan, mu daidaita kalma ɗaya. Babban ƙyallen da ake ɗaurawa a doguwar sandar jirgi domin ya kama iska, a wannan shiri za mu riƙa ce masa ƙyallen iska.

Kashi na farko, jirgin katako.

Mu tafi Tekun Indiya. Daga Oman da Yaman, zuwa gaɓar Indiya, zuwa Lamu da Mombasa da Zanzibar. Ƙarnuka da dama jirage masu ƙyalle mai kusurwa uku ke kai da kawowa a nan. A dunƙule ana ce musu dau. Mutanen Suwahili na kiran babbansu jahazi.

Jirgin dau da iskar shekara yake aiki. Daga wajen Disamba zuwa Maris, iska na kaɗawa daga arewa maso gabas. Suwahili na ce mata kaskazi. Ita ke kawo jirage daga ƙasashen Larabawa zuwa gabashin Afirka. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba sai ta juya, ta taso daga kudu maso yamma. Wannan ita ce kusi. Ita ke mayar da su gida. Mu ma mun san irin wannan juyi, domin iskar hunturu da iskar damina ba daga kusurwa ɗaya suke zuwa ba.

Kun ga ke nan, tafiya ɗaya a shekara. Zuwa ɗaya, komawa ɗaya. Wanda zai yi watanni yana jiran iska ta juya, gaggawar me yake yi? Abin da ya dame shi kaya ne. Dabinon Basra da busasshen kifi su tafi kudu. Kanumfari da itacen gini su tafi arewa. A wani zamani mai muni, har bayi aka ɗauka a cikin irin waɗannan jirage. Saboda kaya ne aka yi wa jirgin dau ciki mai faɗi da zurfi.

Yaya ake ƙera shi? A garin Sur na Oman, da Beypore na kudancin Indiya, har yanzu akwai masu wannan sana'a. Babban malamin sassaƙa ba ya buƙatar zane a takarda. Siffar jirgin tana kansa. Da ido yake auna katako, da igiya, da abin da ya gada daga ubangidansa. Itacen tik na Indiya suka fi so, saboda yana jure ruwan gishiri. A Sudan kuma, a unguwar Abu Rof ta Omdurman, an san masu sassaƙa jiragen Kogin Nilu da itacen bagaruwa. Bagaruwar nan dai da majema ke jima da 'ya'yanta.

Tsakanin katako da katako, auduga ake cusawa a toshe. A shafa wa jikin jirgi man kifi. Ƙasan da ke cikin ruwa kuma a shafe shi da kitse da farar ƙasa, saboda tsutsar teku mai cin itace.

Ga wani abin mamaki. A zamanin da, ko ƙusa ba a sa wa. Ɗinke jirgin ake yi da igiyar ɓawon kwakwa. A shekarar 1998 masunta suka gano wani jirgi da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya. Jirgin ƙarni na 9 ne, ɗinkakke, ɗauke da tangaran na ƙasar Sin kusan guda 60,000. Sai Oman ta sa aka ƙera irinsa, mai tsawon mita 18, babu ƙusa ko ɗaya. Aka sa masa suna Jewel of Muscat. Ya tashi daga Oman a watan Fabrairu na 2010, ya isa Singafo a watan Yuli. Igiyar kwakwa ta riƙe shi har ya ƙetare teku.

Matuƙan ma da nasu ilimin. Suna da wani ɗan allo mai igiya da ƙulle-ƙulle, ana ce masa kamal. Matuƙi ya ciji igiyar, ya miƙa allon, ya auna tsayin tauraro daga inda sama ta haɗu da ruwa. Da haka zai san ko ya yi arewa ko ya yi kudu. Ahmad bin Majid, shahararren matuƙin ƙarni na 15, ya bar littattafai a kan taurari da iska da hanyoyin wannan teku.

Jirgin dau na da nasa rauni. Sandar da ke riƙe ƙyallensa doguwa ce, mai nauyi. In za a juya jirgi, sai an zagaya da ita ɗaya ɓangaren. Aikin mutane da yawa ne, kuma cikin guguwa akwai haɗari. Jiragen dau da yawa sun nutse. Kada mu ɓoye wannan.

Mu maimaita. Jirgin dau an yi shi ne domin kaya, domin jimiri, domin kuma a iya gyara shi a kowane bakin ruwa da itace da auduga da igiya.

Kashi na biyu. Me ya sa jirgin katako ba ya wuce wani gudu?

Masu sauraro, ruwa na da nauyi. Ya fi iska nauyi kusan sau 800. Jirgin da ke zaune cikin ruwa, dole sai ya ture ruwan kafin ya wuce. Yana turewa, igiyar ruwa na tasowa a goshinsa. Wata kuma na tasowa a bayansa. In ya ƙara gudu, tazarar da ke tsakanin igiyoyin biyu sai ta ƙaru. Har a kai lokacin da ɗaya tana goshi, ɗaya tana wutsiya, shi kuma jirgin ya faɗa kwarin da ke tsakani. Daga nan, in yana son ƙarin gudu, sai ya hau tudun ruwan da shi kansa ya tayar. Jirgi mai nauyi ba zai iya ba.

Shi ya sa tsawon jirgi ke yanke masa iyakar gudu. Mai tsawon mita 10, iyakarsa wajen kilomita 14 a awa. Mai tsawon mita 20, wajen kilomita 20 a awa. Ko ka ninka masa ƙyallen iska, abin da zai ƙaru kaɗan ne. Wannan iyaka ba gazawar masassaƙi ba ce. Halin ruwa ne.

To, in ruwa ne ke riƙe jirgi, mece ce dabara? A fitar da jirgin daga ruwa. Wannan ya kai mu kashi na uku.

Kashi na uku, jirgin tsere.

Ku ɗauka kuna cikin motar haya, kusa da taga. Ranar babu iska ko kaɗan, ganye ma ba ya motsi. Amma da mota ta ɗauki hanya, sai ka ji iska na dukan fuskarka. Daga ina ta fito? Gudun motar ne ya haife ta. Yanzu ka shimfiɗa tafin hannunka a bakin taga, ka ɗan ɗaga gabansa. Za ka ji hannun na tashi sama da kansa. Abubuwa biyu ke nan. Gudu na haifar da iska. Abu mai faɗi kuma, in an karkata shi, iska na ɗaga shi.

Da waɗannan abubuwa biyu jirgin tsere ke aiki.

A ƙarƙashinsa akwai fukafukai, irin na jirgin sama, amma a cikin ruwa suke. Da jirgi ya fara gudu, ruwa na bin fukafukan yana ɗaga su, kamar hannun nan na bakin taga. Tun da ruwa ya fi iska nauyi nesa, ƙaramin fuffuke ya isa. Sai gangar jirgin gaba ɗaya ta tashi sama. Ba ta taɓa ruwa. Ba ta tayar da igiyar da za ta tare ta. Iyakar da muka faɗa ɗazu ta kau.

Ƙyallen iskarsa ma kamar fuffuke yake, wanda aka tsayar a tsaye. Ba ya jiran iska ta tura shi daga baya. Iskar da ta zo daga gefe ta bi jikinsa, sai ta ja jirgin gaba. Jirgi ya ƙara gudu, gudun ya haifar da ƙarin iska. Ƙarin iskar ta ƙara jan ƙyalle, jirgi ya sake ƙara gudu. Ga amsar maganar da muka ce ku riƙe. Ta haka jirgin tsere ke ninka gudun iskar gari sau uku, wani lokaci har fiye.

Babbar gasar irin waɗannan jirage ita ce Kofin Amurka. Ta samo asali a 1851, lokacin da wani jirgi mai suna America ya lashe tsere a ruwan Ingila. Kofin ya zauna a hannun Amurkawa shekara 132, sai a 1983 Ostireliya ta ƙwace shi. A 2013, a San Faransisko, aka fara ganin jiragen gasar suna tashi kan fukafukai. New Zealand ta ɗauki kofin a 2017, ta riƙe shi a 2021, ta sake riƙe shi a 2024 a Basalona ta ƙasar Sifen.

Jirgin gasar 2024 ana ce masa AC75. Tsawonsa kimanin mita 23, amma nauyinsa bai kai tan 8 ba. An yi jikinsa da zaren kabon, wato wani siririn zare baƙi da ake saƙawa, a jiƙa da danƙo, a gasa a cikin murhu na musamman. Yana da ƙarfi ƙwarai, ga rashin nauyi. An ga irin wannan jirgi ya haura kilomita 100 a awa. A gasar 2024, mutum 8 ne a cikinsa. Huɗu daga ciki, aikinsu tuƙa feda irin ta keke, domin su samar da ƙarfin da ake juya ƙyallen iska da shi.

Akwai ma wanda ya fi shi. A watan Nuwamba na 2012, a Walvis Bay ta Namibiya, Paul Larsen ɗan Ostireliya ya tuƙa wani jirgi mai suna Vestas Sailrocket 2. Ya yi gudun kilomita 121 a awa a tazarar mita 500. Ba inji, iska zalla.

To amma, masu sauraro, gudu ba kyauta ba ne. Ku ji farashinsa.

Jirgin AC75 ba ya ɗaukar kaya, ko buhu ɗaya. Tserensa guda bai cika wuce rabin awa ba. In iska ta yi rauni, ba a tsere, saboda ba zai tashi ba. In ta yi ƙarfi da yawa, ba a tsere, saboda haɗari. Ba ya kwana a ruwa. Kullum aka gama, sai na'ura ta ɗaga shi zuwa rumfa, ƙwararru su duba shi. Manyan ƙungiyoyin gasar kan kashe fiye da dala miliyan 100 a zagaye ɗaya. An kuma rasa rai. A watan Mayu na 2013, jirgin ƙungiyar Artemis, ɗaya daga cikin masu neman Kofin Amurka, ya kife lokacin atisaye a San Faransisko. Andrew Simpson, ɗan Birtaniya mai lambar zinare ta Olamfik, ya rasu a ciki.

Mu maimaita. Jirgin tsere an yi shi ne domin gudu. Duk abin da ba zai ƙara gudu ba, an cire shi.

Kashi na huɗu. Mu gwada su a kan hanya ɗaya, wato zagaya duniya. Mutum ɗaya a jirgi, ba tsayawa, ba taimako.

Wanda ya fara yin haka shi ne Robin Knox-Johnston, ɗan Ingila. Ya tashi a watan Yuni na 1968, ya dawo a watan Afrilu na 1969. Kwana 312. Sunan jirginsa Suhaili, tsawonsa bai kai mita 10 ba. Na itacen tik ne, masassaƙan Bombay na Indiya suka ƙera shi. Gasa ce da mutum 9 suka shiga, shi kaɗai ya kammala. A hanya jirgin ya fara yoyo. Sai ya yi nutso ƙarƙashinsa, a tsakiyar teku, ya toshe kafar da hannunsa, ya ci gaba da tafiya.

Yanzu ku ji na zamani. Faransa na da gasar da ake kira Vendée Globe, duk bayan shekara huɗu. A ta farko, da aka fara a 1989, gwani ya yi kwana 109. A watan Janairu na 2025, Charlie Dalin ya kammala cikin kwana 64 da awa 19, a jirgin zaren kabon mai fukafukai. Kwana 312 a da, kwana 64 a yanzu. In dai gudu ake magana, babu gardama.

Amma ga ɗaya gefen. A ƙarshen Nuwamba na 2020, a cikin wannan gasa, jirgin Kevin Escoffier ya daki igiyar ruwa a kudu da Afirka ta Kudu. Jirgi ne mai fukafukai. Ya karye gida biyu, cikin 'yan mintoci ya nutse. Mutumin ya kwana a ƙaramin kwalekwalen roba na ceto. Wa ya tsamo shi? Jean Le Cam, dattijo mai shekara 61, a tsohon jirgi mara fukafukai. Kuma da aka gama lissafi, Le Cam ne ya zo na huɗu, gaban sababbin jirage da dama.

Ku lura da bambancin. Katako kan yi kuka kafin ya karye, kuma mai guduma da auduga na iya lallaɓa shi. Zaren kabon na da ƙarfi har zuwa iyakarsa. In ya wuce iyakar, lokaci ɗaya yake fashewa.

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe. A ina suka haɗu?

Na farko, sabon ya ci bashin tsoho. Jiragen tsere da yawa ganga biyu gare su, haɗe da juna. Wannan dabara tsohuwa ce a wurin mutanen tsibiran Tekun Fasifik. A 1976 wani jirgi mai ganga biyu, irin na kakanninsu, mai suna Hokule'a, ya tashi daga Hawai zuwa Tahiti. Tafiyar kusan kilomita 4,000 ce. Matuƙinsa Mau Piailug bai yi amfani da wata na'ura ba. Taurari da igiyar ruwa ya karanta.

Na biyu, dabarar masu tsere ta fara amfanar masu kaya. Manyan jiragen dakon kaya na ƙona mai sosai. Kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga jiragen ruwa yake fita. A 2023 aka kafa wa wani babban jirgin kaya mai suna Pyxis Ocean fukafukai biyu a tsaye, kowanne ya haura mita 37. Aikinsu su kama iska, inji ya rage shan mai. Kamfanin da ya zana su daga ƙungiyar tseren Birtaniya ta Kofin Amurka ya samo asali.

Na uku, shi jirgin dau ma ya canja. Yawancin masu dakon kaya yanzu injin dizal gare su. Masu ƙyallen iska zalla sun ragu. Amma a Dubai, tun 1991, ana tseren jiragen dau mai suna Al Gaffal, domin tunawa da dawowar masu nutson lu'ulu'u. A Lamu ma matasa na tsere da nasu a lokacin bukukuwa.

To, wanne ya fi? Ga amsar wannan shiri. In za ka kai dabino Zanzibar, jirgin AC75 ba shi da amfani a gare ka ko kaɗan. In kofin Basalona kake nema, jirgin dau ba zai kai ka ko'ina ba. Masassaƙin Sur ya san aikin da aka ba shi, ya cika shi. Injiniyan New Zealand ma haka. Wanda ya raina masassaƙi bai san nauyin ilimin da ke kansa ba. Wanda kuma ya ce tsere almubazzaranci ne kawai, ya tuna da fukafukan da ke rage wa jirgin kaya shan mai.

Ga ɗalibai masu sha'awar ƙere-ƙere, ku tafi da tambayoyi uku. Duk na'urar da kuka gani, tsohuwa ko sabuwa, ku tambaya: wane aiki aka yi ta dominsa? Me aka sadaukar kafin ta iya wannan aikin? In ta lalace, wa zai gyara ta, kuma da me? Wane aiki, me aka sadaukar, wa zai gyara. Wanda ya amsa waɗannan uku kafin ya saya ko ya ƙera, ya rage wa kansa asara.

A nan za mu dakata.